Analog Ba Tsohuwar Fiyano Ba Ce

Za ka iya jin ana kiran duk tsohuwar fiyano mai aiki da lantarki analog. Kuskure ne. Fiyano irin su Korg Pa da Yamaha PSR da makaɗa ke hawa dandali da su dijital ne, an naɗi sautuka an adana a cikinsu. Ko Yamaha DX7 ta 1983, duk tsufanta, dijital ce.

Analog ba ta da sautin da aka naɗa. Wutar lantarki ke haifar da shi nan take: sashen da ake kira osileta ya samar da kaɗawar, matatar sauti ta rage kaifinta, sannan wani sashe ya tsara tashin sautin da mutuwarsa. Minimoog, wata fiyano analog ta 1970, osileta uku gare ta, murya ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda, kuma ba ta ajiye saiti. Ka murɗa maɓalli, saitin baya ya tafi, shi ya sa makaɗa ke rubuta saitinsu a takarda.

Zafi ma na karkatar da muryarta. Ka kunna ta kamar minti 20 kafin wasa, sannan ka daidaita, kuma kada ka bar ta a rana.