Murar Aladu

Murar aladu ciwon numfashi ne da ƙwayar bairos ta H1N1, daga dangin infuluwenza A, ke haddasawa. An gano irin da ya kama mutane a Meksiko da Amurka a watan Afrilun 2009, ranar 11 ga Yuni kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya. A watan Agustan 2010 aka sanar da ƙarshen annobar, amma ƙwayar ba ta tafi ba. Ta shiga jerin murar da ke zagayowa kowace shekara.

Sunan yana ɓatar da mutane. Ƙwayar ta samu ne daga haɗuwar ƙwayoyin murar aladu da na tsuntsaye da na mutane, sai dai a yau daga mutum zuwa mutum take tafiya, ta tari da atishawa da hannun da ya taɓa majina. Gidan da ba a taɓa ganin alade ba ma yana iya kwanciya da ita gaba ɗaya.

Alamomi

Bayan kwana 1 zuwa 4 da kamuwa ciwon ke bayyana, kuma farat ɗaya yake zuwa. Yaron da ya yi wasa da safe, da yamma sai a tarar da shi kwance, jiki zafi rau, ga tari, ga ciwon kai da na gaɓoɓi, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Wannan zuwan na gaggawa shi ne ya bambanta ta da mura ta yau da kullum, wadda ke lallaɓowa a hankali. Yara kan haɗa da amai da gudawa. Gwajin majina ne kaɗai ke tabbatar da irin ƙwayar.

Yawanci ana warkewa cikin mako guda. Haɗarin ya fi ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, da masu asma, ciwon sukari ko ciwon zuciya, domin a gare su ta kan rikiɗe ta zama ciwon huhu. A 2009 akasarin waɗanda suka rasu ba su kai shekara 65 ba, abin da ya saɓa wa yadda aka san mura.

Numfashi shi ne abin dubawa, fiye da zafin jiki. A ɗaga rigar yaro a kalli ƙirjinsa: idan numfashin na sauri ne, ko fatar tsakanin haƙarƙari tana shigewa ciki duk lokacin da ya ja iska, a tafi asibiti nan take. Haka idan leɓɓansa suka yi shuɗi ko toka-toka, ya ƙi shan komai, fitsari ya ɗauke na awa 8, ya yi jijjiga, ko tashinsa daga barci ya yi wuya. Zazzaɓin da ya sauka sannan ya dawo da tari mai tsanani shi ma ba abin jira ba ne.

Magani

Hutu, yawan shan ruwa da farasitamol sun wadatar da mafi yawan marasa lafiya. Jariri ya ci gaba da shan nono. Kada a ba yaro asfirin, saboda yana iya jawo ciwon Reye, mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Magungunan kashe bakteriya ba sa yi wa bairos komai, kuma abin takaici ne yadda ake ɗura wa yara su a banza.

Maganin da ke yaƙar ƙwayar kanta shi ne oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Likita ne ke rubuta shi, sau biyu a rana na kwana 5, kuma ya fi amfani idan aka fara cikin awa 48 na farko da bayyanar alamomi. Saboda haka mai juna biyu ko mai asma kada su zauna sauraron yadda jiki zai yi.

Rigakafi

Allurar mura ta shekara-shekara ta ƙunshi H1N1. Ana yin ta daga wata 6 da haihuwa, kariyarta kuma na kankama bayan kimanin mako 2. Idan uwa ta yi ta da ciki, jaririnta ma na samun kariya a watanninsa na farko.

Mai cutar na iya yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin alamu su fito, har zuwa kwana 5 ko 7, yara ma fiye da haka. A ware masa ɗaki idan da hali, da kofi da tawul nasa, a buɗe tagogi, mutum ɗaya ya riƙa jinyarsa, kuma kada ya zama mai ciki. A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Yaro ba zai koma makaranta ba sai ya yi awa 24 babu zazzaɓi, ba tare da taimakon magani ba.