Musun Sauyin Yanayi: Me Kalmar Ke Nufi?

A watan Fabrairun 2015, wani ɗan majalisar dattawan Amurka mai suna James Inhofe ya shiga zauren majalisa da dunƙulen ƙanƙara a cikin leda. Ya ciro shi ya ɗaga kowa ya gani, ya ce ana ta damunsu da cewa duniya na ɗumama, to ga abin da aka ɗebo a waje, sannan ya wurga shi. A lokacin shi ne shugaban kwamitin majalisar mai kula da muhalli. Shekarar 2014 da ta gabata ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa wannan lokaci, kuma 2015 ɗin da yake magana a cikinta ta zo ta zarce ta.

Irin wannan ne ake kira musun sauyin yanayi: ƙin yarda da abin da awo da bincike suka riga suka tabbatar, wato duniya na ƙara zafi, ƙona kwal da man fetur da iskar gas ne babban dalili, kuma illar da ke biyo baya mai tsanani ce. Wani mai musun yakan ƙaryata duka, wani ya amince da ɗumamar amma ya wanke hannun ɗan Adam daga ciki, wani kuma ya ce abin bai kai ya kawo ba.

Dabarar ƙanƙarar nan tana tasiri ne saboda kalmar yanayi tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai yanayin yau, sanyin safiya ko hadarin yamma, akwai kuma yanayin da ake ganewa sai an tara awon shekara talatin an fitar da matsakaici. Na biyun ne ke sauyawa. Wanda ya nuna maka rana ɗaya mai sanyi ya ce babu ɗumama, kamar wanda ya nuna maka attajiri ɗaya ne ya ce babu talauci a ƙasa.

Sai dai kada a haɗa musu da shakka. Shakka halin kirki ce a wurin masani, da ita ilimi ke ci gaba. Richard Muller, masanin kimiyyar fiziks a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya daɗe yana tababar alƙaluman zafin duniya. Maimakon ya tsaya ga surutu, sai ya tara masana suka sake bin awon tun daga tushe, har wani ɓangare na kuɗin aikin ya fito daga gidauniyar Charles Koch, attajirin da aka sani da tallafa wa masu adawa da dokokin rage hayaƙi. A 2012 Muller ya fito fili ya ce ɗumamar gaskiya ce, kuma kusan dukkanta aikin ɗan Adam ne. Mai shakka ke nan: ya nemi hujja, ya samu, ya sauka. Mai musu kuwa, idan ka rushe masa hujja ɗaya sai ya koma wata, don tun farko ba hujja ce ta tsayar da shi a wurin ba.

Ilimin kansa ba sabo ba ne. Tun 1859 John Tyndall ya nuna cewa iskar kabon dayoksaid, wadda ke fita idan an ƙona kwal ko mai ko gas, tana riƙe zafi. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya yi lissafin yadda ƙaruwarta za ta ɗumama duniya. A 1958 Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawaii, ya samu kusan kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420, alhali kafin zamanin masana'antu wajen 280 take.

Abin da ya fi ci mini rai a tarihin nan shi ne, wasu daga cikin waɗanda suka yaɗa musun sun san gaskiya. Tun 1977 masanan da ke aiki a kamfanin mai na Exxon suka yi wa shugabanninsu bayanin haɗarin. Wani nazari da ya fito a mujallar Science a 2023 ya duba hasashen da masanan kamfanin suka yi a wancan zamani, ya tarar yawancinsa ya dace da ɗumamar da ta faru daga baya. Amma abin da jama'a suka riƙa ji daga kamfanin shekara da shekaru shi ne, har yanzu masana ba su tabbatar ba. Salon ma aro ne daga kamfanonin taba sigari, waɗanda wata takardarsu ta cikin gida ta 1969 ta faɗa ƙarara cewa shakka ita ce hajarsu. Ba sai ka gamsar da mutum cewa abu ƙarya ne ba. Ka sa masa kokwanto kawai, zai naɗe hannu ya jira.

Daga nan abin ya shiga siyasa ya yi kane-kane. Amurka ta juya wa yarjejeniyar Kyoto, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, baya a 2001. Wani mai ba jam'iyyar Republican shawara, Frank Luntz, ya rubuta musu cewa su ci gaba da ɗora muhawara a kan rashin tabbas. Donald Trump ya sanar da fitar da ƙasar daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2017, Joe Biden ya mayar da ita a 2021, Trump ya sake sa hannu a kan ficewa a Janairun 2025. Har ta kai matsayin mutum a kan awon zafi ya zama alamar jam'iyyar da yake bi.

Yanzu musu na kai tsaye ya yi wuyar sayarwa. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2021 babu sauran tantama cewa ɗan Adam ne ya ɗumama duniya. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe sama da 1,700. Shekarar 2024 ta zama mafi zafi a tarihin awo, ta zarce zamanin kafin masana'antu da kusan digiri 1.5. Sai musun ya sauya riga. Yau za ka ji ana cewa an yarda, amma gyaran ya yi tsada. Ko a bari wata ƙasar ta fara. Ko wata fasaha na tafe da za ta magance komai. Ko ai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu nazari na kiran wannan da jinkirtawa, ni kuwa a ganina ya fi na farko haɗari, don yana zuwa da muryar mai hankali. Kabon dayoksaid taruwa take yi, wani kasonta kan yi ɗaruruwan shekaru a sama. Kusan rabin duk wadda aka fitar daga ƙona makamashin ƙarƙashin ƙasa a tarihi, bayan 1990 aka fitar da ita, wato cikin shekarun da aka ɓata ana jayayya.

Ba duk mai ɗar-ɗar da matakan gyara ne mai musu ba, wannan ma hakki ne a faɗa. Mai haƙar kwal da ke fargabar rasa abincin iyalinsa tambayarsa halattacciya ce, haka ƙasa matalauciya da ke tambayar wa zai biya kuɗin ɓarnar da ba ita ta jawo ba. Waɗannan muhawara ce kan yadda za a yi, da wanda zai ɗauki nauyi, kuma sun cancanci amsa ta gaskiya, da tallafi da sabbin ayyukan yi.

Hujjar tsada kuwa tana ta raunana. Daga 2010 zuwa 2020 kuɗin samar da lantarki daga manyan tashoshin hasken rana ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari, har ya zama ɗaya daga cikin hanyoyi mafi arha na samar da sabuwar wuta a yawancin ƙasashe. Jihar Texas, cibiyar man fetur ta Amurka, ita ce ke kan gaba a duk ƙasar wajen samar da lantarki daga ƙarfin iska, manoma da makiyaya na karɓar kuɗin hayar filayen da aka kafa injinan.