Ma'anar 'Physician Assistant' da Yadda Ake Samun Gurbin Karatunsa a Amurka

A wajenmu idan aka ce wane PA ne, kowa ya san nufi: wanda ke riƙe wa mai girma waya, ya buɗe masa ƙofar mota, ya fito ya ce wa masu jira "Oga yana ganawa, ku dawo gobe." Shi ya sa idan ɗan'uwa mazaunin Amurka ya aiko da albishir cewa 'yarsa ta samu gurbin karatun PA, sai ka ji barkar 'yan gida ta fito sama-sama. A zuci cewa suke, duk bokon nan a ƙare a ɗaukar jaka?

A asibitin Amurka haruffan nan biyu suna nufin physician assistant. Mai wannan muƙami shi ke zama da mara lafiya ya saurari kukansa, ya duba shi, ya tura shi gwajin jini ko hoto, ya karanta sakamakon, ya faɗi abin da ke damunsa, sannan ya rubuta magani. Yana ɗinke rauni, yana ɗaure karaya, a ɗakin tiyata kuma yakan tsaya daura da likitan fiɗa yana kama masa aiki. Duk jihohin ƙasar 50 sun ba shi ikon rubuta magani. Yau akwai masu wannan shaida fiye da 170,000 a Amurka, matsakaicin albashinsu kuma yana kusan dala 130,000 a shekara.

Ana fassara shi da "mataimakin likita", kuma ba laifi, don a Hausa mataimaki yana da kima, ba kamar yaron aike ba. Amma ni kalmar da ta fi kama mini hoton abin ita ce na'ibi. Na'ibin liman ya yi karatu, yana jan salla, sallar kuma ta inganta, jama'a da yawa ma shi suka fi gani a masallaci, amma kowa ya san akwai liman. Haka PA yake aiki tare da likita: a yawancin jihohi doka ta ce sai da yarjejeniya tsakaninsa da wani likita, ko da likitan ba ya cikin ginin. Wasu jihohin sun sassauta wannan sharaɗi, irin su Dakota ta Arewa da ta yi hakan a 2019.

Aikin bai daɗe a duniya ba. A 1965 Amurka tana fama da ƙarancin likitoci, musamman a karkara, ga kuma tsofaffin ma'aikatan lafiya na soja da suka saba tsayar da jini da kula da masu rauni, amma da sun cire kaki babu wata takarda da za ta ba su damar taɓa mara lafiya. Dakta Eugene Stead na Jami'ar Duke, a jihar Karolina ta Arewa, ya ɗauki huɗu daga cikin irin waɗannan, tsofaffin ma'aikatan lafiya na sojan ruwa, ya tsara musu karatun shekara 2. Tsarin ya ɗauko shi ne daga yadda aka riƙa horar da likitoci cikin gaggawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Uku daga cikinsu suka kammala ranar 6 ga Oktoba, 1967, shi ya sa har yau makon tunawa da masu wannan sana'a ke farawa ranar 6 ga Oktoba.

Su kansu sunan ya daɗe yana musu ƙaiƙayi. A 2021 ƙungiyarsu ta ƙasa ta kaɗa ƙuri'ar sauya shi zuwa physician associate, wato abokin aikin likita, jihar Oregon kuma ta zama ta farko da ta sa sabon sunan a doka a 2024. Ƙungiyoyin likitoci ba su ji daɗi ba, suna cewa mara lafiya zai zaci likita ne a gabansa. Abin dariyar shi ne a Birtaniya akasin haka ake yi: can associate aka riƙa kiransu, sai wani bincike da Farfesa Gillian Leng ta jagoranta a 2025 ya ba da shawarar a mayar da su assistant, saboda wannan ruɗanin dai. Mu da muke kiran duk mai farar riga "likita", tun daga malamin asibiti har mai kemis, ba mu da bakin yi musu dariya sosai.

Kada a haɗa shi da medical assistant. Wannan shi ne mai auna maka hawan jini da nauyi kafin ka shiga ganin likita, karatunsa kuma bai fi shekara 1 zuwa 2 ba. Akwai kuma nas mai babban digiri wadda ita ma ke duba marasa lafiya ta rubuta magani. Aikinsu ya yi kama a asibiti, sai dai ita ta biyo ta hanyar jinya ta ƙware a rukuni ɗaya na marasa lafiya, shi kuwa an koyar da shi ne a kan tsarin makarantar likitanci, a taƙaice kuma a dunƙule. Wannan ne ya ba shi damar yin shekaru a sashen gaggawa, sannan ya koma sashen ƙashi ko na fata ba tare da ya sake komawa aji ba. Likita ba shi da wannan sauƙin, don bayan shekara 4 na digirin farko da 4 na likitanci, sai ya ƙara 3 zuwa 7 yana ƙwarewa a fanni guda.

To, ta ina ake shiga? Karatun digiri na biyu ne, yana ɗaukar kimanin wata 27, don haka sai mai digirin farko. Ba dole digirin ya zama na kimiyya ba. Wanda ya karanta tarihi ma zai iya nema, muddin ya je ya cike darussan share fage: ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, ilimin ƙwayoyin cuta, kemistiri, ƙididdiga, ilimin halayyar ɗan Adam. Kowace makaranta da nata jerin, wasu kuma sukan ce kwas ɗin da ya wuce shekara 5 ko 10 ya tsufa, sai an sake.

Amma abin da ya bambanta neman wannan gurbi da na sauran karatu shi ne awanni. Kafin a koya maka aikin, so ake a ga ka riga ka yi hidimar mara lafiya da hannunka, kuma ana ƙirga hidimar awa-awa. Wasu makarantu suna neman awa 500, wasu 1,000, wasu 2,000, akwai kuma waɗanda ba su sa adadi ba amma idan ka duba waɗanda suke ɗauka za ka tarar duk masu dubban awanni ne. Awa 2,000 aikin shekara guda ne cur: awa 40 a mako, mako 50. Gadon tsofaffin sojojin nan ne na Dakta Stead. Karatun gajere ne saboda an ɗauka wanda ya zo ya riga ya san warin asibiti.

Ba kowace awa ce ake ɗauka daidai ba. Fom ɗin neman gurbin ya raba su gida-gida. Akwai awannin da kai ne ke da alhakin wani abu a jikin majinyaci: ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya, mai ɗiban jini, mai taimaka wa nas a gidan kula da tsofaffi. Ka kwatanta yarinyar da ta gama digiri da sakamako mai kyau, yanzu tana aikin dare na awa 12, tana juya dattijuwa duk bayan awa 2 don kada kwanciya ta yi mata gyambo, ta canza mata zanin gado, ta auna zafin jiki ta rubuta, ta lura cewa wadda jiya ke hira yau ta fara sambatu, ta ruga ta gaya wa nas. Waɗannan su ne awannin zinariya. Sai kuma awannin da aka yi a asibiti amma ba a taɓa kowa ba, kamar zama a teburin karɓar kati ko jera fayil. Ana rubuta su, sai dai nauyinsu kaɗan ne. Na uku shi ne bin wani PA kamar inuwa, kana kallon yadda yake aiki ba ka sa hannu. Akwai aikin da ake jayayya a kansa, na mai bin likita da kwamfuta yana rubuta bayanan da ake yi da mara lafiya: wata makaranta ta sa shi a rukunin farko, wata ta ce a'a. A fom za a tambaye ka sunan wurin, sunan mai kula da kai, awa nawa a mako, mako nawa. Wanda ya ƙara gishiri a lissafin, waya ɗaya ta isa ta tona shi.

Yawancin makarantun, cikin fiye da 300 da hukumar tantancewa ta ARC-PA ta amince da su, ana nemansu ne ta kafa guda mai suna CASPA. Kamar JAMB take ta fuskar cewa fom ɗaya ne ke zuwa wurare da yawa, sai dai ba ta shirya jarrabawa, kuma duk makarantar da ka ƙara sai ka ƙara kuɗi. Tana buɗewa a ƙarshen Afrilu. Nan akwai tarkon da ke kama mutane: CASPA tana sake lissafa makinka da kanta, kuma ba ta yafiya. Kwas ɗin da ka faɗi ka maimaita, ko da jami'arka ta goge faɗuwar, ita za ta haɗa duka biyun. Tana kuma ware makin darussan kimiyya daban. Mafi ƙarancin da makarantu da yawa ke karɓa shi ne 3.0 cikin 4.0, amma waɗanda ake ɗauka galibi suna wajen 3.5 zuwa sama.

Sai wasiƙun shaida, yawanci 3, kuma an fi son ɗaya ta fito daga PA ko likitan da ya ga aikinka da idonsa. Jarrabawar GRE, ta neman shiga karatun digiri na biyu, wasu na nema, da yawa sun daina.

Akwai kuma rubutun bayanin kai, wanda ba zai wuce haruffa 5,000 ba har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wato shafi guda da ɗan ɗori. Tambayar ɗaya ce: me ya sa kake son zama PA? A ganina nan ne namu suka fi tuntuɓe. Mun saba da kunya, ba ma iya yabon kai, idan kuma muka tashi yi sai mu zuba manyan kalmomi na son taimakon al'umma. Masu karantawa sun ga irin wannan dubu. Abin da ke tsayar da su shi ne dare guda, majinyaci guda, abin da ka gani da abin da ka yi. Sannan suna da saurin shinshino wanda likitanci ya so bai samu ba ya zo nan ya fake. Idan rubutunka zai yi daidai ko da an cire PA an sa likita ko nas, bai amsa tambayar ba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Makarantu da yawa ba sa jiran ranar rufewa. Da fom ya iso suke dubawa, su kira ganawa, su ba da kujera. Tantance takardu a CASPA ma kan ɗauki lokaci. Wanda ya miƙa a Mayu ko Yuni ya tarar da aji fayau, wanda ya jira Oktoba kuwa, ko da bai makara a takarda ba, kujerun da suka rage yake wa layi. Ganawar kanta wasu makarantu suna yin ta ne tasha-tasha: ɗaki bayan ɗaki, 'yan mintoci a kowanne, a ba ka matsala kamar ta majinyacin da ya ƙi karɓar ƙarin jini, a ga yadda za ka yi tunani da baki. Rashin samu a shekarar farko ba abin mamaki ba ne, da yawa sai a karo na biyu.

Wanda aka ɗauka zai yi kusan shekara guda a aji, sannan ya zaga sassan asibiti na kimanin awa 2,000: yara, mata da haihuwa, tiyata, gaggawa, taɓin hankali, cututtukan manya. A ƙarshe sai jarrabawar PANCE, ta ƙasa baki ɗaya don samun shaidar zama PA, tambaya 300 cikin awa 5, daga nan lasisin jiha.

Mai karatu daga gida zai tambaya, mu fa? A Gana sunan yana nan kuma aikin yana nan. Tun 1969 ake horar da irin waɗannan ma'aikata a Kintampo, da farko da sunan medical assistant, yanzu kuma jami'o'i na ba da digirin farko na shekara 4 a fannin, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasar ce ke ba su lasisi, kuma su ne ke riƙe da asibitocin karkara da yawa. A Nijeriya babu wannan muƙami. Mafi kusa da shi su ne jami'an lafiyar al'umma, CHO da CHEW, masu aiki da littafin ƙa'idojin da aka tsara musu a ƙananan asibitoci. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan takardu da ke aiki a Amurka. Sharaɗin zama jarrabawar PANCE shi ne kammala makarantar da ARC-PA ta tantance, babu wata ƙofar baya. Ko cikakken likita ne mai MBBS da shekara 10 yana fiɗa a Kano ko Zinder, idan PA yake son zama a can sai ya nemi gurbi kamar kowa ya zauna aji daga farko.

Mai digirin waje zai kai takardunsa wa kamfanin auna shaidar karatu irin WES, makarantu da dama kuma za su ce darussan share fagen sai an sake su a Amurka ko Kanada. Wasu za su nemi TOEFL, jarrabawar gwada iya Turanci, ko da da Turanci ka yi karatu tun firamare. Wasu ba sa ɗaukar mai bizar ɗalibi sam, sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Kuɗin makaranta sau da yawa yakan kai dala 100,000 ko ya wuce, bashin karatu na gwamnatin tarayya kuma ba a ba baƙo. Ga kuma batun awannin nan: bizar ɗalibi ba ta barin mutum ya yi aiki a waje yadda ya ga dama, awannin da aka tara a gida kuwa wata makaranta ta karɓa, wata ta ce sai na asibitin Amurka. Don haka nas ko CHO ko likitan da ke da wannan buri, tun yana bakin aiki a gida ya kamata ya sa shugaban sashensa ya rubuta masa takarda mai hatimi da ke nuna ranar da ya fara, awannin da yake yi a mako da irin aikin da hannunsa ke yi, sannan ya rubuta wa kowace makaranta ya tambaya ko tana ƙirga su kafin ya biya kuɗin fom.