Ba "ikon lauya" ba ne: ma'anar power of attorney mai ɗorewa

Kwana biyun nan kalmar power of attorney ta cika mana kunne. Ka kama rediyo ana labarin rigimar fili, sai ka ji ta. Ka zauna a majalisa ana zancen fanshon wani dattijo da ciwo ya kwantar, sai wani ya jefo ta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassarar da ake yi mata, wai "ikon lauya". Har na ji mai sharhi yana cewa takarda ce da ke ba lauya damar sayar da dukiyar mutum. Babu lauya a cikin ma'anar kalmar nan.

Inda ruɗanin ya samo asali a fili yake. Mun saba da Antoni Janar, babban lauyan gwamnati, kuma a Amurka kowane lauya attorney, wato atoni, ake ce masa. Amma kalmar ta girmi wannan amfani nesa ba kusa ba. Daga tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi, domin bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, harshensu ne ya zama na fada da na kotu har tsawon ƙarnoni. Tushenta aikatau ne mai nufin juyawa zuwa ga wani, wato a naɗa shi, a ɗora masa aiki. Atoni shi ne wanda ka juya ka dube shi ka ce, tsaya a madadina. Lauya ya ci sunan ne don yana tsayawa a madadin mutum a gaban alƙali, kuma a Ingila ɗin ma dokar gyaran kotuna ta 1873 ta janye wannan laƙabi daga lauyoyi. Tsohuwar ma'anar kuwa tana nan a can: ɗanka, matarka, ƙanenka ko amininka, duk wanda ka ba amana a rubuce, shi ne atoninka.

Mu kuwa da kalmarmu tun kafin Bature ya zo: wakili. A wurin ɗaurin aure, idan liman ya ce ina wakilin ango, wani kawu ne ke gyara zama ya nemi aure a madadin yaron, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukarsa lauya. A gefensa ga waliyyin amarya. A riƙe bambancin mutanen nan biyu, don zai yi amfani a gaba: wakili kai ka zaɓe shi, waliyyi kuwa ba zaɓinka ba ne, nasaba ko alƙali ne suka ɗora shi. Saboda haka power of attorney takardar wakilci ce, shi ke nan. Masu cinikin filaye a Najeriya da ke riƙe da ita suna ganin ita ce shaidar mallaka, su sani tun a 1993, a shari'ar Ude da Nwara, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar ba ta mayar da fili hannun kowa, izinin yin aiki a madadin mai fili kawai take bayarwa.

Sai kalma ta biyu, wadda ita ce ma ta sa ni wannan rubutu. A Ingila da Wales akwai nau'in da suke kira lasting power of attorney, wato wakilci mai ɗorewa. Da yawa daga mutanenmu da suka ji "mai ɗorewa" sai su ɗauka har bayan mutuwa ake nufi, su haɗa ta da wasiyya. A'a. Ranar da mai takardar ya cika, ranar takardar ta mutu, sai kuma maganar wasiyya da magada. Ɗorewar da ake nufi ita ce wakilcin ya ci gaba bayan hankalin mai shi ya gushe.

Me ya sa sai an yi wa wannan doka ta musamman? Domin wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da faɗuwar hankalin wanda ya wakilta. Wakili hannu ne, ba ya yin abin da mai hannun ba zai iya yi da kansa ba. Tsohuwar dokar Ingila a kan haka take, kuma mafi yawan malaman fiƙihu ma sun tafi a kan cewa wakala tana warwarewa idan mai wakiltawa ya rasa hankalinsa. Ka ga ke nan a daidai lokacin da mutum ya fi bukatar wakili, a lokacin ne takardar hannun wakilin ke zama fanko. Don toshe wannan ɓaraka Ingila ta yi wata doka a 1985 da ta shafi dukiya kaɗai, sannan dokar ƙarfin hankali ta 2005 ta kawo wakilci mai ɗorewa, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2007.

Iri biyu ne. Akwai na dukiya: asusun banki, fansho, biyan haya, sayar da gida. Akwai na lafiya da jin daɗin rayuwa: magani, inda mutum zai zauna, abin da zai ci. Na biyun ba ya aiki sai mutum ya kasa yanke hukunci da kansa, kuma ko wakili zai iya cewa e ko a'a a kan na'urorin riƙe rai, sai mai takardar ya zaɓi hakan ƙarara a rubuce. Dole mai yin ta ya kai shekara 18 kuma yana cikin hankalinsa. Dole wani na daban ya sa hannu cewa ya zauna da shi, ya fahimci abin da yake yi, ba tursasa shi aka yi ba. Sannan a yi mata rajista a Ofishin Majiɓinci na Gwamnati kafin ta fara aiki.

Wannan sharaɗi na "yana cikin hankalinsa" shi ne inda na ga an sha wuya da idona. Wata 'yar goggona tana zaune a Ingila da mahaifinta, wanda ya yi aiki a can har ya yi ritaya. Gigin tsufa ya fara masa a hankali. Ranar da abin ya fito fili, sun je cire kuɗi, ya tsaya gaban na'ura da kati a hannu, ya danna lamba biyu, ya juyo ya ce, "Uwata, me muka zo yi nan?" Da ta je banki daga baya ta ce ita ce 'yarsa, ita ke jinyarsa, suka tambaye ta takardar wakilci. Ta kira ni a waya tana cewa, "Yaya, ba sai a cike yanzu Baba ya sa hannu ba?" Likita ya duba shi, ya ce bai iya riƙe bayanin har ya auna shi. Ƙofar ta rufe. Sai da ta bi ta kotu aka naɗa ta mai kula da dukiyarsa, abin da ya ci watanni da kuɗi masu yawa, ga rahoton shekara-shekara da za ta riƙa kaiwa. Ta tashi daga wakiliyar da uba zai iya zaɓa da bakinsa, ta koma waliyyar da alƙali ya naɗa. Da alƙalin ya ga dama, wani zai naɗa.

Ba zan ɓoye ba, tsarin nan yana burge ni, kuma abin da ya fi burge ni a dokar 2005 shi ne yadda ta ɗaure hannun wakili. A sashenta na farko ta ce a ɗauki kowa mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka, a kan kowane hukunci daban. Ta kuma ce yanke hukuncin da wasu ke gani wauta ne ba ya nufin mutum ya rasa hankali. Dattijon da ya dage sai ya ba da rabin ajiyarsa a gina rijiya a ƙauyensu, 'ya'yansa na jin haushi, yana da wannan 'yanci muddin ya fahimci abin da yake yi. Wakili ba ya cakuɗa kuɗin tsoho da nasa, ba ya rubuta masa wasiyya, ba ya kyauta da dukiyarsa sai 'yar abin da aka saba a biki ko salla, daidai ƙarfin aljihun mai ita. Wanda ya ci amana, kotu na iya tsige shi.

Takardar ta Ingila da Wales ce. Sikotilan na da nata tsarin a ƙarƙashin dokar 2000, jihohin Amurka na da nasu. Amma matsalar da ta zo magancewa tana gidajenmu, kuma addininmu ya san da ita: aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarnin rubuta bashi, ta ce idan wanda ake bi mai rauni ne ko ba ya iya shiftawa, waliyyinsa ya shifta da adalci. Abin da ke damuna shi ne yadda muke gudun zancen. Ka ce wa Alhaji, ranka ya daɗe, wa kake so ya riƙe maka harkokinka idan tsufa ya yi nauyi, sai a ce kana masa mugun fata, ko kana hangen dukiyarsa. Sai a yi shiru har ranar da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Daga nan katin banki ya koma hannun ɗan da ya fi kusa da gado, 'yan ɗaki kaza su fara zargin 'yan ɗaki kaza, tsohon kuma yana kwance yana kallonsu, ba halin ya faɗi wanda ya yarda da shi.