Kafin ku miƙa ɗanku hannun mai raba shi da shaye-shaye

Kwanakin baya wata uwa ta same ni a ɗakin shan magani, ta zaro kwalaben maganin tari daga cikin hijabinta, ta ce a ƙarƙashin katifar ɗanta ta gan su. "Malama, an ce in kai shi gidan mari, ko ya kika gani?" Na ce, "Mama, zauna tukuna mu yi magana."

Irin wannan uwar ba su ƙirguwa. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ya gano mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Duk da haka iyaye da yawa ba su san akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan ba, wato mai ba masu shaye-shaye shawara.

Aikinsa na farko sauraro ne. Zai zauna da yaron su biyu, ya ji me yake sha, wiwi ce ko taramol ko kodin ko sholisho, tun yaushe, da wa, me ya jefa shi. Wani gajiyar leburanci ta kai shi ga taramol, wata kuma baƙin cikin gidan miji. Abin da aka faɗa masa amana ce, ba ya kai shi majalisa. Daga nan su tsara matakan dainawa tare, ya riƙa ganin yaron mako-mako, ya zauna da iyaye ma, domin gori da zagi a gida kan mayar da hannun agogo baya. Idan yaron ya sake komawa ruwa, ba ya korarsa, ya san hakan na cikin tafiyar.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, ƙwararre ya san iyakarsa. Shi ba likita ba ne, ba ya rubuta magani. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin barci irin su diyazefam, in aka yanke masa rana ɗaya, zai iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Irin wannan sai an tura shi asibiti.

Saboda haka ku tambaya, ba rashin kunya ba ne. Me ya karanta? Galibi akan samu mai digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, ko aikin jin daɗin jama'a, ko nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, sannan ya ƙara da horo na musamman irin manhajar UTC, wato tsarin horo na ƙasa da ƙasa kan kula da masu shaye-shaye. Wane asibiti yake aiki da shi? Za a bar ku ku ga ɗanku? In aka hana ku ganinsa, ku ja da baya. Ba mu manta da Rigasa a Kaduna ba, inda a 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk shatin bulala. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna cewa iyayensu gyara suka je nema.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ma tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. Ita wannan uwar takardar zuwa asibiti na rubuta mata, na ce ta taho da kwalaben likita ya gani.