An yi sulhu, to ina hakkina?

Tun da aka sasanta da 'yan bindigar Birnin Gwari a ƙarshen 2024 wayata ba ta huta ba, mutane na ta tambaya kan hakkinsu. Ga amsoshin a wuri guda, kowa ya ɗauki nasa.

Sulhun ya wanke wanda ya kashe mini ɗan'uwa?
A'a. Ajiye bindiga daban, shari'a daban. Laifin kisa ba ya ruɓewa.

Nawa ne belin 'yan sanda?
Kyauta ne. Sau nawa zan faɗa?

Me ya hana a kafa kotu ta musamman a gama da 'yan bindigar?
An gwada a jihar nan ta Kaduna. Bayan rikicin Zangon Kataf na 1992, kotun da gwamnatin Babangida ta kafa ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, babu damar ɗaukaka ƙara, daga baya aka mayar da shi ɗauri. Har yau wasu na cewa zalunci aka yi, wasu na cewa sassauci.

Na yi gudun hijira, na dawo na tarar wani na noma gonata, kuma takarduna sun ƙone. Yaya zan yi?
Kwantar da hankalinka, Malam, yawancin gonakin ƙauye dama ba su da takarda. Amma fa ya danganta. Idan aro ka ba shi kafin ka tafi, da sauƙi. Idan wani ne ya sayar masa, wataƙila shari'ar ta yi tsawo, domin zai ce shi ma kuɗinsa ya biya. Fara da maƙwabtan iyaka da mai unguwa tun suna raye suna tunawa: wace bishiyar kuka ce alama, wa ya ga mahaifinka yana noma wurin. A kotun shari'ar Musulunci mai yiwuwa ya kawo hujjar hauzi, wato ya shekara 10 yana ci kana gani ka yi shiru. Sai dai malaman Malikiyya sun ce wanda ba ya nan, ko tsoro ya hana shi magana, yana da uzuri. Duk da haka alƙali zai tambaye ka yaushe ka dawo, me ka yi tun lokacin. Idan kuwa filin na da shaidar mallaka ta gwamna, babbar kotu za a je, ka nemi lauya. In dagaci ya sasanta ku, a rubuta, shaidu su sa hannu. Na ga wanda ya yarda da "ai mun gama magana", damina na zuwa aka sake shuka masa dawa a gonar.

In tara 'yan'uwana mu karɓe da ƙarfi fa?
Kada ka soma. Kai za a kulle, shi kuma ya girbe amfaninsa.