Yara 'yan besbol da tafiya ƙasar waje: amsar tambayoyin da iyaye ke ta maimaitawa

Da an ce ƙungiyar yara 'yan wasan besbol za ta fita waje, tambayoyin nan dai su ne ke dawowa, daga iyaye da malaman makaranta har da masu horarwa. Na amsa su har bakina ya gaji. Ga su a rubuce, a karanta kafin a sake tambaya.

Shi besbol ɗin wane irin wasa ne?

Ƙwallo da gora. Mutum tara-tara ake yi. Ɗaya ya jefo, ɗaya ya doka, ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu ya dawo gida, an ci maki ɗaya ke nan. Na yara zagaye shida ne, na manya tara. Sauran sai a fili, ba a koyon sa da baki.

Yaran Afirka ma suna zuwa irin wannan gasa?

Suna zuwa. Babbar gasar yara ita ce ta Little League, wadda ake yi duk watan Agusta a Williamsport da ke jihar Pensilbaniya a Amurka tun 1947. A 2012 yaran garin Lugazi na Uganda suka zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta taka wannan fili. Panama ta doke su, Meziko ma ta doke su, sannan suka ci wata ƙungiya daga jihar Oregon da 3 da 2. A 2015 wasu yaran daga Kampala suka je suka ci Jamhuriyar Dominika 4 da 1, ƙasar da besbol yake kamar abinci a wurinsu. Don haka a daina ce mini wasan Turawa ne.

Za a biya yaron?

A'a. Ɗan shekara 12 ne, ba ɗan kwangila ba.

To wa ke biyan kuɗin jirgi?

In ƙungiya ta kai Williamsport, masu gasar ke ɗaukar jirgi da masauki da abinci. Amma kafin a kai can akwai wasan share fage, kuma 'yan Uganda a garin Kutno na ƙasar Polan suka yi nasu. Wannan tafiyar, da fasfo, da kuɗin neman biza, sau da yawa sai ƙungiya ta nemo masu tallafi. Ku tambayi mai horarwa ya ba ku lissafi a rubuce tun farko. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi asusun kansa zai “shigar da yaro cikin jerin”, ku guje shi.

Takardun ɗana ba su yi daidai ba. Makaranta ta rubuta shekara ɗaya, katin asibiti ya nuna wata, takardar haihuwa kuma ba mu taɓa karɓa ba. Yaya za mu yi?

Yauwa, Malam, wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fara da ita, ita kuma ake bari sai ƙarshe.

Bari in gaya maka abin da ya faru a 2011. Yaran ƙungiyar Rev. John Foundation ta Kampala sun je Kutno, sun doke ƙungiyar Dhahran ta Saudiyya wadda ta daɗe tana mamaye wasannin share fage na yankin, sun samu gurbin zuwa Amurka da guminsu. Da aka je neman biza, ofishin jakadancin Amurka ya ga ranakun haihuwar da ke takardun wasu yaran ba su dace da juna ba. Aka hana su gaba ɗaya. 'Yan Saudiyyar da suka kayar su ne suka hau jirgi. Ba jifa ta gagare su ba, ba duka ba. Takarda ce ta zaunar da su a gida.

Abin da za ka yi ya danganta da inda kake da kuma irin saɓanin. In kana Najeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, can za ka fara. In a Nijar kake kuma ba a yi wa yaro rajista a kan lokaci ba, sai an bi ta kotu ta ba da takardar da ke maye gurbinta. Amma kada ka ruga ka karɓo sabuwar takarda da ranar da ta zo maka a baki. Zauna tukuna, ka baje duk abin da kake da shi a kan tabarma: katin awo na mahaifiyarsa, katin rigakafi, rajistar firamare, lambar NIN in yana da ita. Wanda aka rubuta kusa da lokacin haihuwa shi ya fi kusa da gaskiya, galibi katin asibiti ne, ko da yake ba kullum ba, domin yaron da aka haifa a gida aka kai rigakafi bayan wata biyu ana iya rubuta masa ranar da aka kiyasta. In haka ne, ka tambayi mahaifiyarsa da kakarsa. Sukan tuna da azumi ne ko da babbar salla, da damina ko da ɗari, kuma daga nan ana iya lissafo watan Bature.

In ka tsayar da rana ta gaskiya, sai a gyara sauran takardun su bi ta, tun kafin a yi fasfo. Bayan an buga fasfo gyara yana da wuya, yana cin lokaci. Ka duba rubutun suna ma: Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a rajistar makaranta, duk suna iya jawo tambaya. Takardar rantsuwa ta kotu tana taimakawa a wani wurin, a wani wurin kuma ba ta wadatar ita kaɗai, musamman in an yi ta mako biyu kafin ganawa da jami'in biza. Shi ya sa nake cewa a fara shekara guda kafin tafiya. Kuma ka koya wa yaron ranar haihuwarsa ya riƙe ta, domin ana iya tambayarsa kai tsaye, kai kana tsaye ba ka da ikon sa baki.

Ko ka yi duk wannan, ba wanda zai yi maka alkawarin biza. Hukuncin na jami'in ne. Kuma bizar Polan daban, ta Amurka daban. Abin da ke hannunka shi ne kada takardar ɗanka ta zama dalilin da za a zaunar da yara goma sha wani abu.

Ya wuce shekarun da kaɗan, kuma ƙaramin jiki gare shi. In an rage masa biyu wa zai sani?

Haba! Ba kwa jin kunyar kawo wannan magana? A 1992 ƙungiyar Zamboanga ta Filifin ta ci kofin, aka ƙwace shi saboda ta saka yaran da ba su cancanta ba. A 2001 Danny Almonte ya girgiza Amurka da jifarsa, daga baya aka gano shekararsa 14, aka soke duk wasannin da ƙungiyarsa ta ci. Mu da muka ga yadda aka fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gano shekarun 'yan wasa a gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, bai kamata a sake yi mana wa'azi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Banda haka, ɗan shekara 14 yana jefa ƙwallo mai tauri wa ɗan 11 daga tazarar ƙafa 46, kun san abin da zai faru in ta same shi a fuska?

Abincinsa fa? Da sallarsa?

Hajiya, kwantar da hankalinki. A rubuta wa masu masauki tun daga gida cewa ba ya cin naman alade, a nanata masa ya riƙa tambaya kafin ya ci tsiran naman da ake sawa cikin burodi a filin wasa. Shinkafa da kifi da ƙwai ba inda babu. Sa masa ƙaramar darduma a jaka, akwai kuma sauƙin da aka yi wa matafiyi. Abin da ya fi dacewa ki matsa a kai shi ne sanin babban da zai kwana kusa da yaran, da lambar wayarsa.

In ba su ciwo kofi ba, mene ne amfanin wahalar?

Ku koma kan yaran 2011. Ƙungiyar da ya kamata su fara karawa da ita a Williamsport ita ce ta Langley daga Kanada. Da labari ya kai can, mutane suka tara kuɗi, a Janairun 2012 yaran Kanada suka taso takanas har Uganda don a buga wasan da aka fasa. Fitattun 'yan wasa irin su Jimmy Rollins da Derrek Lee sun zo tare da su. Uganda ta ci 2 da 1. Ba kofi a wannan wasa, amma yaran ɓangarorin biyu sun yi atisaye tare, sun ga yadda kowa yake rayuwa, an kuma tara tallafin karatu da na gyaran fili. A Williamsport ma yaran duk ƙasashe wuri ɗaya suke kwana, suna musayar ƙananan bajoji na ƙungiyoyinsu, wanda ba ya jin yaren wani su daidaita da nuni.

Ba zai yiwu ya zauna can wajen wani ɗan'uwanmu ba?

Ba zai yiwu ba. Yaro ɗaya ya ƙi dawowa, ya rufe wa na bayansa ƙofa. Mai son ya yi nisa a wasan akwai hanya ta gaskiya: Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya buga wa Pittsburgh Pirates, ɗaya daga manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka, a 2017, kuma a 2022 Los Angeles Dodgers ta ɗauki matasan Uganda biyu, Ben Serunkuma da Umar Male.

'Ya mace fa?

Tun 1974 aka buɗe musu Little League. Mo'ne Davis ta yi jifa a Williamsport a 2014, ta hana abokan karawarta maki ko ɗaya. 'Yar taku ma a fara nema mata takardar haihuwa.